Digirin kiɗa: yaushe yake mayar da kuɗinsa, yaushe yake cinye su?

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutu. Bara ya gama sakandare, kuma tun yana aji huɗu yake zuwa wani sitidiyo a bayan layinsu. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa komai. Yana tsaye ne a bayan mai kiɗa yana kallon yatsunsa a kan fiyano, in an aike shi sayen man janareta ya ruga, in kowa ya fita cin abinci ya zauna a kujerar ya gwada abin da ya gani. A haka hannunsa ya faɗa. Da lokacin cike fom ɗin JAMB ya yi, sai ya same ni bayan isha'i ya durƙusa ya ce, "Kawu, ni fa kiɗa nake so in karanta a jami'a. Baba ya ce in zo ka yi mana lissafi. In akwai ci a ciki zai biya, in babu in nemi wani abu."

Yadda uban ya ɗauki maganar ya burge ni. Bai ce masa ɗan gidan nan ba ya roƙo ya rufe ƙofa ba, bai kuma sakar masa ragama ba. Lissafi ya nema. Matsayin kiɗa a addini da abin da dangi za su ce, wannan kowane gida yana da malamansa da yadda yake warware shi, kuma ba shi aka ba ni ba. Abin da aka ba ni kuɗi ne: a zuba shekara huɗu da guminka a digirin kiɗa, ko a zauna a sitidiyo a ci gaba da koyo, ko a karanta wani fanni a riƙe kiɗan a gefe, ko a nemi fita waje. Na yi kwanaki ina jujjuya abin, na ga duk hanyoyin suna komawa ga tambaya ɗaya: wa zai biya ka, kuma shi mai biyan yana tambayar kwali?

Mu fara da abin da ke fita daga aljihu. Iyaye kan fara duba kuɗin rajista, alhali shi ne ƙarami a cikin kayan, duk da cewa jami'o'in tarayya da dama sun ninka shi tun 2023. Sassan koyar da kiɗa da suka kafu yawancinsu a kudu suke. Na farko a ƙasar nan shi ne na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wanda aka buɗe a 1961, sannan akwai na Ile-Ife da Abraka da Awka da Uyo da Fatakwal. A Zariya da Kano abin da aka fi sani shi ne sashen wasan kwaikwayo da fasahar dandamali, inda kiɗa ke shigowa a matsayin ɗan rakiya. Ke nan yaron Kano ko Katsina da ke son cikakken digirin kiɗa zai iya samun kansa yana ƙetare Kwara sau huɗu ko fiye a shekara, a kuɗin motar da ya biyo bayan cire tallafin mai, ya kama ɗaki a garin da ba shi da kowa, ya ci abincin saye. Ga kayan kiɗa. Ɗalibin tarihi littafi yake bukata, ɗalibin kiɗa kuwa dole ya zaɓi abin kiɗa ɗaya ya ƙware a kansa, ya yi awanni kullum yana maimaitawa, kuma wanda bai mallaki nasa ba layi zai riƙa bi.

Babban kuɗin kuma ba a ganinsa, domin ba a biyan sa ga kowa. Shekarun ne. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Ko da a ce abin da yaro zai samu ke nan in ya zauna yana aiki, wata 48 ya kama naira miliyan 3 da dubu 360 da ya haƙura da su. Shekara huɗun ma a takarda ce: yajin aikin malaman jami'a na 2022 shi kaɗai ya ci wata takwas. Wannan asarar tana kan kowane digiri, gaskiya ne, amma ta fi zafi a kiɗa, saboda sa'anninsa da suka tsaya a sitidiyo ba zaman jira suke yi ba. A shekarun nan suke tara masu kawo musu aiki, sunansu yana zagawa a bakin furodusoshi da masu shirya biki. Wanda ya karanta likitanci ya dawo ba ya tarar da abokan wasansa sun riga shi zama likitoci. Wanda ya karanta kiɗa zai tarar.

Akwai abin da ke rage nauyin. Asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ba kuɗin ruwa, yana biyan makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Ita ma hidimar ƙasar, da alawus ɗinta na naira 77,000 a wata tun 2025, ta kan mayar da naira 924,000 a shekara, kuma ba ta tambayar me ka karanta.

To me ake sayowa da wannan duka? Abu na farko ilimi ne na gaske, kuma ba na son a raina shi. Ana koya wa ɗalibi rubutun kiɗa, wato ɗigo-ɗigon nan da ake jerawa a kan layuka biyar, har ya iya karanta sautin da bai taɓa ji ba kamar yadda ake karanta wasiƙa. Ana koya masa yadda ake haɗa muryoyi huɗu su tafi tare ba su yi karo ba, yadda ake jin sauti a rubuta shi nan take, yadda ake tsara wa makaɗa ashirin abin da kowa zai yi, da tarihin kiɗan Turai da na Afirka. Sai dai a sani, manhajar ta fi karkata ga wannan ɓangare fiye da aikin sitidiyo. Wanda ya tafi da niyyar ya ƙware a FL Studio ko Cubase, waɗanda ake haɗa kiɗa da su a kwamfuta, ya iya tace murya da daidaita sauti, zai ga yawancin abin da yake nema a wajen aji yake. Sannan da yawa daga abokan karatunsa a ƙungiyar mawaƙan coci suka taso, tun suna yara suke karanta do-re-mi. Yaronmu da ya koya da kunne zai shiga ne a bayansu, kuma sassa da dama sukan yi gwajin ƙwarewa kafin su ɗauki ɗalibi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu kwalin ne kansa, kuma a nan lissafin yake rabuwa biyu.

Dubi inda kuɗin kiɗa yake a Arewa. Waƙar amarya da ango, casun biki da liƙin da ke biyo baya, waƙoƙin fim, tallan rediyo, waƙar sarauta, da uwa uba waƙar siyasa in kakar zaɓe ta kama. A cikin waɗannan duka babu inda ake cewa kawo takardunka. Uwar amarya da ta zo a yi wa 'yarta waƙa abin da take so shi ne ta ji sunayen danginta sun zauna daidai, kiɗan kuma ya tayar da mata daga kujera. Furodusa yana so a gama masa aiki jibi a farashin da zai iya. Ɗan siyasa yana son amshin da yara za su kama a titi. Alhaji Mamman Shata bai zauna a ajin kiɗa ba, jami'ar ce ta neme shi: a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, bayan ya yi shekaru aru-aru yana cin abinci da kalangu da murya. A wannan kasuwa kwalin digiri ba ya ƙara wa waƙa ko sisi.

Intanet ma haka take, kuma ina so in ɗan tsaya a kanta domin ita ce ke ruɗar yara. A 2021 Spotify ya shigo Najeriya, kuma kamfanin ya ce mawaƙan ƙasar nan sun samu sama da naira biliyan 58 daga wurinsa a 2024. Adadin yana da daɗin ji. Amma kaso mai tsoka na wasu tsirarun taurari ne da ake saurare a Landan da Amurka, inda kuɗin rajistar wata ya ninka namu sau da yawa, don haka sauraro ɗaya daga can ya fi sauraro da dama daga nan daraja. Tun 2024 ma waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba ba a biyan ta komai. YouTube, inda masu jin Hausa suka fi taruwa, ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Har yanzu kuma mutane da yawa a wurin masu tura waƙa a waya suke samun sabuwar waƙa, a bakin kasuwa ko tasha, a cika musu memori da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, mawaƙin kuwa ko ƙwandala ba ta isa gare shi. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana nan, sai dai tsakanin doka da aljihun makaɗi akwai tafiya. Duk wannan ba digiri ke gyara shi ba. Mai digiri da marar digiri layi ɗaya suke bi.

Akwai kuma masu biya da ba sa buɗe ƙofa sai sun ga takarda. Aikin gwamnati yana ɗaukar mai digiri a mataki na 8, mai NCE a mataki na 7, ko me suka karanta. Jami'o'i da kwalejojin ilimi ba sa ɗaukar malami sai da digiri, su kuma tura shi ya ƙaro na biyu da na uku. Makarantu masu zaman kansu a Abuja da Legas da Kaduna da Jos suna ɗaukar malaman kiɗa, kuma a nan ne ake samun ƙofa ta biyu da ta fi albashin kanta: iyayen da ke biya a koya wa 'ya'yansu fiyano ko jita a gida bayan an tashi. Sojan ƙasa da na ruwa da 'yan sanda duk suna da 'yan badujala. Sojan ƙasa na da makarantar kiɗa a Ojo, na ruwa a Ota. Kurtun da aka tura badujala yana koyo ne ana biyan sa, mai digiri kuma yana da damar neman shiga a matsayin hafsa. Ga 'yan'uwanmu Kirista masu jin Hausa a Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa akwai manyan majami'u da ke bukatar wanda zai jagoranci mawaƙa ya kuma rubuta musu muryoyi, har makarantar tauhidi ta Baptist da ke Ogbomosho tana da tsangayar kiɗan coci. Waɗannan ayyuka ba sa mayar da mutum attajiri, amma suna da ƙarshen wata, wasu suna da fansho.

Sai dai a duba da kyau. A firamare da ƙaramar sakandare an haɗe kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a darasi ɗaya da ake kira CCA, don haka makaranta malami ɗaya take ɗauka ya riƙe ukun. Wanda zai koyar kuma yana bukatar rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, wadda ke neman shaidar koyon aikin malanta. Shi ya sa ga mai niyyar koyarwa, digirin ilimi da kiɗa a haɗe, ko NCE ta shekara uku da ake iya ɗorawa a kai daga baya, ya fi digirin kiɗa zalla saurin kai shi ga albashi, kuma ya fi arha.

Kada wannan ya sa a ɗauka zaman sitidiyo shi ne tudun mun tsira. Na fi shekara goma ina shiga irin waɗannan ɗakuna, masu katifar soso a manne a bango da fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga makirfo, kuma na ga yadda kuɗinsu yake zuwa. Yana zuwa ne kamar ruwan damina. Bayan salla bukukuwa su yi yawa, mai kiɗa ya kwana uku bai runtsa ba. Azumi ya kama, ɗakin ya yi tsit. Kakar zaɓe ta zo a sayi mota, bayan rantsuwa a sayar da ita. Mawaƙi ne ke ɗaukar suna da liƙi, shi kuwa mai kiɗa sau ɗaya ake sallamar sa a kan waƙar da za ta yi shekara biyar tana kawo kuɗi, saboda ba a rubuta komai a tsakaninsu ba. A Kano ga rajista da Hukumar Tace Finafinai da bin ƙa'idojinta. Ba fansho, ba hutun rashin lafiya. Salo kuma yana juyawa da sauri. Wanda ake rububinsa yau, shekara shida nan gaba wani yaro da kwamfutar cinya ya karɓe masa mutane.

Akwai kuma rufin da ake bugawa da ka. Wata rana ina zaune a wurin wani mai kiɗa da nake girmamawa, mutumin da in ya ji waƙa sau ɗaya zai kaɗa maka ita ba kuskure, sai ga saƙo daga wani kamfanin talla a Abuja. Aiki ne mai kyau, kuɗinsa ya fi na waƙoƙin biki goma. Suka turo masa shafi uku na rubutun kiɗa, suka ce a bi shi yadda yake, a ɗora kalangu da sarewa a kai. Ya buɗe a wayarsa, ya faɗaɗa da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, ka san mai karanta wannan a garin nan?" Muka yi ta buga waya har la'asar. Kafin a samu wanda zai fassara masa, aikin ya koma hannun wani a Legas. Ban manta yadda ya ajiye wayar a kan fiyanon ya yi shiru ba. Ba hazaƙa ya rasa ba, haruffa ya rasa. Aikin fim mai tsada, kiɗan da ke bin labari daƙiƙa bayan daƙiƙa, aiki da makaɗan wata ƙasa, duk a bayan wannan ƙofa suke.

Wannan rana ce ta sa na gane cewa abubuwa biyun da jami'a ke sayarwa a haɗe, ilimin da kwalin, ana iya sayen su daban-daban. Ilimin kiɗa yana da tsani nasa da bai bi ta JAMB ba. Hukumar ABRSM ta Ingila da Trinity College London suna shirya jarrabawa mataki-mataki, daga na 1 zuwa na 8, ta aiki da ta ƙa'idoji, kuma ana sanin shaidarsu a ƙasashe da yawa. Tun 2020 ABRSM ta buɗe hanyar da ɗalibi zai ɗauki kansa a bidiyo yana kaɗawa ya aika, jarrabawar ƙa'idoji ta matakai biyar na farko kuma a intanet ake yin ta. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, tunda da fam ake auna shi, amma ɗai-ɗai ake biya, sa'ad da aka shirya, kuma yaro yana gida. MUSON da ke Onikan a Legas, ƙungiyar kiɗa da aka kafa a 1983, ita ma tana da irin waɗannan jarrabawa, tana kuma da difloma ta shekara biyu wadda gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibanta tun 2006. Ga wanda ya samu shiga, wannan na daga cikin mafi riba a duk hanyoyin, domin horon na hannu ne sosai kuma wani ne ke biya. Amma difloma ce ba digiri ba, kuma zaman Legas da kansa kuɗi ne. Makarantun kuɗi da iyayen da ke neman mai koya wa 'ya'yansu sau da yawa shaidar mataki na 8 na waɗannan jarrabawa ta fi yi musu magana a kan kwalin jami'a. A Nijar akwai cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya a Yamai, a Ghana kuma jami'o'in Legon da Winneba sun daɗe a wannan fage.

Kwalin kuwa, tunda mataki na 8 na aikin gwamnati da hidimar ƙasa ba sa tambayar fanni, ana iya samo shi a kusa da gida, a fannin da ke da kasuwa tasa: kwamfuta, aikin jarida, akanta, shari'a, ko ma Hausa. Kowannensu yana yi wa makaɗi aiki. Wanda ya karanta shari'a ba zai sake sallamar waƙa ba tare da takarda ba. Tiwa Savage sai da ta yi digiri a fannin kasuwanci a Jami'ar Kent ta Ingila kafin ta tafi kwalejin kiɗa ta Berklee a Amurka, inda ta gama a 2007. Illar wannan hanya ita ce lokaci. Karatu biyu ne a wuya ɗaya, kuma da yawa kiɗan ne ke faɗuwa a shekara ta biyu in babu malami tsayayye da ke jiran su kowane mako.

Saura fita waje, wanda shi ne mafarkin da yaron bai faɗa a gaban ubansa ba amma ya faɗa mini. Ya ji labarin Berklee a Boston da Juilliard a New York. Kuɗin karatu kaɗai a kowacce ya kai kimanin dala 50,000 a shekara, in aka haɗa da ɗaki da abinci da inshorar lafiya ya haura 70,000. Shekara huɗu dala 280,000 ke nan. A canjin naira 1,500, naira miliyan 420. Mutumin da ke samun naira 500,000 a wata, in bai ci bai sha ba, sai ya shekara 70 kafin ya tara su. Ɗalibin waje ba ya samun rancen gwamnatin Amurka, bizar karatu awa 20 a mako kawai ta yarda ya yi aiki, a cikin makaranta, kuma bayan ya gama shekara ɗaya ake ba shi ta gwada aiki, ba kamar masu kimiyya da injiniya da ke iya kai uku ba. Su kansu Amurkawa lissafin yana ba su wuya. Reshen New York na babban bankinsu yana fitar da alƙaluman sababbin masu digiri kowace shekara, kuma masu fasahar dandamali, da makaɗa a cikinsu, kullum suna cikin na ƙasa a albashin farko, fiye da rabinsu suna aikin da bai bukaci digiri ba. A 2004 jaridar New York Times ta bi sawun makaɗan da suka gama Juilliard a 1994, ta tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ta samo sun bar kiɗa a matsayin sana'a. Waɗannan fa su ne zaɓaɓɓu a cikin zaɓaɓɓu.

Akwai ƙofofin da ba na kuɗi ba. Makarantar kiɗa ta Curtis da ke Philadelphia a Amurka ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowa tun 1928, amma ɗalibanta duka ba su kai 200 ba. Makarantun kiɗa na gwamnati da yawa a Jamus kusan kyauta ne, sai dai kafin biza dole a nuna kimanin yuro 11,900 na zaman shekara, a iya Jamusanci, a kuma yi gwajin shiga tare da yaran da suka fara kaɗa fiyano suna shekara biyar. Fela Kuti ya shiga kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan a 1958, kuma duk mai kunne yana jin wannan horo a yadda yake tsara wa masu busa aikinsu, don haka ba na cewa karatun waje banza ne. Abin da nake cewa shi ne a tafi da cikakken tallafi a rubuce, ko kada a tafi. A sayar da gona ko gidan gado, ko a ci bashin dala, don sana'ar da za ta dawo tana biya da naira, wannan ba zan taɓa sa hannuna a ciki ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai mutum ɗaya da nake ganin digirin kiɗa zalla zai yi masa riba ko a Arewa, kuma ina fata a samu irinsa da yawa. Shi ne wanda ke son ya zama malamin jami'a ko mai bincike a kan kiɗanmu. Sassan Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato sun yi gagarumin aiki a kan waƙar baka, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun sadaukar da rayuwarsu a kai, amma ƙarfin aikin yana kan kalmomi da salo da tarihin makaɗa. Wanda zai zauna da mai kotso ko gurmi ko kukuma ya rubuta ainihin sautin, ya bayyana yadda kalangu ke bin hawa da saukar muryar Hausa har ya yi magana, irinsa kaɗan ne ƙwarai, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Gurabun aikin ba su da yawa, hanyar tana da tsawo, sai an kai digiri na uku, amma masu gogayya da kai ma ba su da yawa, kuma irin wannan bincike ne ke iya jawo tallafi daga waje. Na tambayi yaron ko wannan ce zuciyarsa. Ya yi murmushi ya ce, "A'a Kawu, ni so nake in ji kiɗana a fim."

Da wannan amsa na je wurin ubansa. Na ce masa, "Yaya, masu biyan abin da yaron nan yake son yi ba sa tambayar kwali, amma suna tambayar iyawa, kuma iyawarsa tana da giɓi. A bar shi ya nemi kwamfuta ko aikin jarida a nan kusa, ya samu takardar da zai jingina da ita. Kuɗin motar Nsukka da hayar ɗaki a mayar da su kan fiyano mai cikakkun maɓallai 88 da malamin da zai koya masa karatun kiɗa. In ya kai mataki na 5 na jarrabawar kiɗa cikin shekara biyu bai gaji ba, sai mu sake zama, a lokacin ƙofar MUSON da ta tallafin waje duk za su iya buɗuwa. In ya gaji, ba a yi asarar shekara huɗu ba."

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce ya yarda, da sharaɗin duk waƙar da yaron zai yi wa wani kiɗa daga yau sai an rubuta rabonsa a takarda an sa hannu. Malamin da muka samo wani tsohon ɗan badujala ne da ya yi ritaya, a Sabon Gari yake zaune. Duk Asabar da safe yaron yana hawa adaidaita da littafinsa mai layuka biyar-biyar, da yamma ya koma sitidiyo. Makon jiya ya kawo mini shafi ɗaya da ya rubuta da fensir, amshin wata waƙar daka da kakarsa take yi, ya ce in kai wa wanda bai taɓa jin ta ba a ga ko zai iya kaɗa ta.